Wanke karen gadi ko na kiwo da gyara jikinsa: hukuncinsa da yadda ake yinsa

Tambaya

Shin ya halatta Musulmi ya yi wa karen da yake tsare masa gida ko garke wanka, ya taje masa gashi, ya yanke masa farce? Idan ruwan wankan ya fantsamo masa a tufa, mene ne hukuncin sallarsa? Kuma ya halatta a biya wani ya yi wannan aiki, ko mutum ya riƙe shi sana'a?

Taƙaitacciyar amsa

Idan karen yana cikin waɗanda shari'a ta yi izinin ajiyewa, to kula da tsaftarsa da lafiyarsa halal ne, kuma yana zama wajibi a kanka idan barinsa zai cutar da dabbar ko da mutanen gida. Taɓa kare ba ya karya alwala. Malamai sun yi saɓani kan najasar yawunsa da jikinsa, sun haɗu kan najasar fitsarinsa da kashinsa. Biyan lada a kan wannan aiki halal ne matuƙar karen na izini ne kuma ba a shiga almubazzaranci ba.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Da farko: wane kare ake magana a kai

Ka sani, ya ɗan'uwa mai karatu, ke ma 'yar'uwa, hukuncin gyaran kare yana bin hukuncin ajiye shi ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin raguwar ladan ƙiraɗi biyu kullum ga wanda ya ajiye kare in ba na farauta ko na kiwo ba. A ruwayar Abu Huraira ƙiraɗi ɗaya aka ambata, aka kuma ƙara karen gona. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah a kansa.

Karen tsaron gida bai zo da sunansa a hadisan ba, saboda haka malamai suka yi saɓani a kansa. Imam Nawawi ya rinjayar da halaccinsa ta hanyar ƙiyasi, domin dalilin izinin shi ne buƙata, kuma tsare rai da iyali bai gaza tsare tumaki ba. Masu sharhin Risala sun kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare da kansa lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron sharrin maƙiya, duk da cewa a littafin nasa ya taƙaita izinin ga gona da dabbobi da farautar neman abinci. Amma karen da aka ajiye don ado kawai, ko alfahari, ko kwaikwayon wasu, shi ne gargaɗin hadisin ya hau kansa.

Ko da karen na izini ne, wurinsa tsakar gida ne ko bakin ƙofa ko garke. Kada ya kwana a ɗaki, saboda hadisin Abu Ɗalha da ke cikin Bukhari da Muslim wanda ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko hoto.

Na biyu: haƙƙin dabbar a kanka

Duk dabbar da ka ɗaure ko ka killace, ka hana ta neman wa kanta mafita, to abincinta da ruwanta da lafiyarta sun koma wuyanka. An ruwaito a Bukhari da Muslim labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai.

Saboda haka kare da aka bari kaska ta cika masa kunne, ƙuda ya cinye masa bakin kunnuwa, ƙazuwa ta zubar masa da gashi, mai shi yana kallo yana cewa ai kare ne, wannan sakaci ne da za a tambaye shi a kai. Ban da haka cutar ba ta tsaya a kan dabbar ba. Makero da ƙazuwar kare suna kama mutum, ƙuma tana cizon yara, kaska tana ɓuya a tsagin bango ta yi ta hayayyafa. Idan ka ga ba za ka iya ɗaukar wannan nauyi ba, ka ba da karen ga wanda yake da buƙatarsa kuma zai iya.

Na uku: tsarki da najasa a mazhabobi huɗu

Wannan shi ne abin da ya fi damun mai wanke kare, domin dole hannunsa ya jiƙe. Asalin mas'alar hadisin Abu Huraira ne da ya yi umarni da wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki ya sha a cikinta. A ruwayar Muslim an ce wankin farko ya kasance da ƙasa.

Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma suke bi, suna ganin duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa da majinarsa, kuma kare yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai a wurinsu bauta ce da aka yi umarni da ita, ba don najasa ba, kuma a Mukhtasar na Shehu Halilu an sanya shi mustahabbi, ya keɓanta da mazubin ruwa, ba a kuma shardanta ƙasa ba. Suna kafa hujja da ayar farauta, domin kare da bakinsa yake kamo naman kuma ba a yi umarni da wanke wurin ba, da kuma maganar Ibn Umar a Bukhari cewa karnuka sun kasance suna kai da komo a masallaci a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a yayyafa ruwa saboda haka.

Hanafiyya suna ganin yawunsa najasa ne, amma jikinsa da gashinsa ba najasa ba ne, kuma wanki uku ya wadatar.

Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin kare gaba ɗayansa najasa ne mai kauri. Duk abin da ya taɓa shi alhali ɗayansu yana da danshi, sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanbaliyya sun yarda sabulu ya tsaya a madadin ƙasa, Shafi'iyya kuwa a magana mafi rinjaye ba su yarda ba. Idan busasshen hannu ya taɓa busasshen gashi, najasa ba ta ƙetarewa ko a wurinsu.

Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya zaɓi tsakiya: gashinsa mai tsarki ne, yawunsa najasa ne.

Abin da za ka riƙe a aikace shi ne kamar haka. Taɓa kare, da danshi ko babu, ba ya cikin abubuwan da ke karya alwala a mazhabobin nan huɗu. Iyakar abin da ake nema shi ne wanke wurin da ya taɓa ga wanda yake ganin najasarsa. Fitsarinsa da kashinsa da jinin da ya kwarara daga jikinsa najasa ne ba tare da saɓani tsakanin mazhabobin ba, saboda haka ruwan wankan da ya canja da su shi ma najasa ne. Gashin da aka yanke da almakashi mai tsarki ne a Malikiyya. Idan kai Bamalike ne ruwan wanka ya fantsamo maka, babu fitsari ko kashi ko jini a cikinsa, sallarka da wannan tufa ta inganta. Sai dai fita daga saɓani ya fi, kuma hanyarsa mai sauƙi ce: ka ware tsohuwar riga da wando don wannan aiki kaɗai, ka sa safar hannu ta roba, in ka gama ka tuɓe su ka wanke jikinka da sabulu. Kada ka bari waswasi ya shige ka har ka riƙa wanke abin da ba ka da yaƙinin ya taɓu, domin asalin abubuwa tsarki ne.

Na huɗu: taje gashi

Taza ita ce mafi yawan aikin, ta fi wanka muhimmanci. Tana fitar da mataccen gashi da ƙura, tana baza man da fata ke fitarwa, tana kuma ba ka damar ganin kaska ko gyambo tun da wuri.

Karnukan gida na ƙasar Hausa gajeren gashi gare su, haka ma dogon karen nan na Abzinawa da ake kira Azawak, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Irin waɗannan sau ɗaya a mako ya ishe su, da burushi mai taushi. Karnukan waje masu gashi biyu, na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi, kamar karen makiyayan Jamus da 'yan sanda da masu gadi ke amfani da shi, suna buƙatar taza sau biyu ko uku a mako, kullum ma a lokacin da suke zubar da gashi.

Ka taje ta inda gashin ya kwanta, daga wuya zuwa wutsiya. Ka duba bayan kunne da hammata da tsakanin cinyoyi, nan ne gashi ke cuɗewa. Wanda ya cuɗe ka warware shi da yatsu da mataji kafin ruwa ya taɓa shi, domin ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Kada ka cusa almakashi ƙarƙashin dunƙulen da ya manne da fata, sau da yawa fatar ake yankewa.

Mutane da yawa suna yi wa kare mai gashi biyu aski ƙwal a lokacin bazara da nufin ya sha iska. Wannan kuskure ne. Gashin saman yana kare fata daga zafin rana da cizon ƙuda, kuma idan aka aske shi ba lallai ya dawo yadda yake ba. Kare ba ta gumin jiki yake huce zafi ba, ta haki yake yi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Abin da yake buƙata a bazara shi ne inuwa da ruwan sha da taza mai cire mataccen gashin ƙasa.

Na biyar: wanka

Lafiyayyen kare ba ya buƙatar wanka fiye da sau ɗaya a wata, sai idan ya yi birgima a ƙazanta ko likita ya rubuta masa wankan magani. Yawan wanka yana busar da fata ya jawo ƙaiƙayi, musamman da hunturu.

Ka nemi sabulun ruwa da aka yi don karnuka, ana samunsa a shagunan magungunan dabbobi. Fatar kare ta fi ta mutum sirantaka kuma yanayinta daban ne, don haka sabulun wanka na mutane yana busar da ita, garin sabulun wanki kuwa yana ƙona ta. Ka zaɓi wuri nesa da rijiya da randa da madafa da inda ake alwala, inda ruwan zai gangara kwata kai tsaye. Bokiti da kofi da tawul na karen su zama nasa shi kaɗai.

Ga tsarin aikin:

1. Ka ɗaure shi da gajeriyar igiya a wurin da ba santsi. Idan yana da faɗa, ka sa masa takunkumi wanda zai bar shi ya yi haki.
2. Ka taje shi tukuna.
3. Ka jiƙa shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, daga wuya zuwa baya. Da hunturu ka bari sai rana ta ɗaga.
4. Ka cuɗa sabulun har ya kai fata, ka bi ciki da ƙafafu da tsakanin yatsu da gindin wutsiya.
5. Fuska kuwa ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ruwa ko kumfa su shiga ido da kunne da hanci.
6. Ka ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. Sabulun da ya rage a fata shi ne yawanci ke sa kare ya yi ta susa bayan wanka.
7. Ka ja baya ya girgije jikinsa, sannan ka tsane shi da tawul. Ka riƙe shi a wuri mai tsafta har ya bushe, in ba haka ba zai koma cikin turɓaya.

Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba kada a yi masa wankan ruwa, sanyi yana kama shi da sauri. Goge shi da tsumma mai ɗumi ya wadatar.

Na shida: farce da kunne da haƙori

Karen da ke yawo da makiyayi ko mafarauci ƙasa tana cinye masa farce. Wanda ke ɗaure a gida kuwa farcensa yana tsawo har ya canja masa tafiya, ko ya lanƙwashe ya shige nama. Ka duba shi kowane mako 3 zuwa 4. A cikin kowane farce akwai jijiya mai jini. A farin farce za ka hange ta ja-ja, a baƙi kuwa ba a ganinta, don haka ka riƙa cire ɗan kaɗan daga baki da abin yankan farcen karnuka. In ka yanko jini, ka danna garin sitaci a wurin na 'yan mintoci. Kada ka manta da ɗan yatsan da ke sama a gefen ƙafar gaba, shi ba ya taɓa ƙasa, don haka shi ya fi saurin lanƙwashewa.

Kunne ka duba shi kowane mako. Ka goge iyakar inda idonka ke gani da auduga, kada ka tura tsinke ciki. Wari, ko baƙin datti mai yawa, ko yawan girgiza kai, alamar ciwo ne da ke buƙatar likita. Bakin kunnen da ƙuda ke ci har ya yi jini, a wanke shi a shafa man da likitan dabbobi ya bayar, a kuma riƙa kwashe kashi da ragowar abinci da ke tara ƙudan.

Babban kare haƙora 42 gare shi, kuma dattin da ke taruwa a gindinsu yana kawo ciwon dasashi. Idan za ka goge masa, ka yi da man goge baki na karnuka, ka sa safar hannu, domin nan ne za ka haɗu da yawu kai tsaye. Man goge baki na mutane bai dace da shi ba, tunda haɗiyewa yake yi, kuma wasu suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi da ke zama guba ga kare.

Na bakwai: kaska da ƙuma da ƙazuwa

Kaska ta fi yawa da damina, tana kuma son cikin kunne da tsakanin yatsu da wuya. Ban da shan jini, tana sa wa kare cututtukan jini da ke kawo zazzaɓi da rama da farin dasashi. Ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja ta a miƙe a hankali. Kada ka murtsuke ta da yatsu, ka jefa ta a kananzir. Maganin da ake ɗigawa a ƙeya ko ƙwayar da ake ba shi ya haɗiye, likita ne zai auna su da nauyin karen. Kuma sai an yi wa makwancinsa da tsagin bango magani, in ba haka ba za ta dawo.

Akwai abubuwan da aka saba yi waɗanda azabtarwa ce ga dabba, ka nisance su. Shafa baƙin man inji a kan ƙazuwa yana ƙona fata, kare ya lashe shi ya shiga cikinsa. Wanka da fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona yana iya kashe karen, ya kuma cutar da mai wankan ta fata da numfashi. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibufurofen, kada ka ba shi da ra'ayinka, suna lalata masa hanta da ƙoda da tumbi.

Idan ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, musamman a jikin 'yan kwikwiyo, sau da yawa tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. Maganinta na asali shi ne busasshen makwanci mai tsafta.

Tsutsar ciki ma tana cikin tsafta. Babban kare ana ba shi maganinta kowane wata 3. Kada ka jefa masa ɗanyar hanta ko huhu mai ƙulli-ƙullin ruwa daga mahauta ko ranar layya. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwanta ke fita a kashinsa ya manne a gashinsa, in ya shiga cikin mutum ya zama jakar ruwa a hanta ko huhu, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. Wannan kaɗai ya isa dalilin wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, da hana kare lasar fuskar yara da kwanukan abinci.

Na takwas: ciwon haukan kare

Kada ka sa hannu a gyaran karen da ba a yi masa allurar rigakafin hauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarta. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana da wata 3, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, galibi kowace shekara. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da wannan rigakafi, kuma ana yin allurar a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ko yawunsa ya taɓa ciwo a jikinka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ka ga alama. A killace karen a sa masa ido na kwana 10. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Na tara: kai shi wurin masu sana'ar

A manyan birane irin su Abuja da Legas akwai masu wanke karnuka da gyara su, yawanci a jikin asibitocin dabbobi masu zaman kansu, wasu ma har gida suke zuwa. Suna yin wanka da busarwa da rage gashi da yankan farce da share kunne. Ya kamata ka nemi gwani idan karen babba ne ba ka iya riƙe shi, ko gashinsa ya dunƙule ya manne da fata, ko yana da ciwon fata. Ga wanda yake bin mazhabar da ke ganin najasar kare gaba ɗaya, wannan hanya tana rage masa wahala.

Kafin ka bar musu shi, ka lura ko suna neman katin rigakafi, domin wurin da ba ya tambaya yana haɗa karenka da marasa lafiya. Ka duba ko suna wanke kayan aiki tsakanin kare da kare. Ka tambaya ko suna ba da maganin barci; wannan aikin likitan dabbobi ne kaɗai. Ku yi yarjejeniya a kan aikin da kuɗinsa tun farko, domin sanin aiki da sanin lada sharaɗi ne a ijara.

Game da hukuncin lada, ƙa'ida ita ce duk amfanin da ya halatta, ya halatta a yi ijara a kansa. Wanke karen gadi ko na kiwo ko na jami'an tsaro aiki ne halal, kuɗinsa ma halal ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Hanin da ya zo a hadisin Abu Mas'ud Al'ansari a kan kuɗin kare yana magana ne a kan sayar da shi, ba ladan kula da lafiyarsa ba. Wanda zai riƙi wannan sana'a ya kiyaye tsarkin jikinsa da tufarsa don salla, ya ware kayan aiki daban. Idan mafi yawan abin da ake kawo masa karnukan ado ne, kuma aikin ƙawa ne zalla, to ya nemi wata hanyar abinci ya fi masa, saboda hanin taimakekeniya a kan saɓo da ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 2. Amma yi wa dabba marar lafiya magani, ko ta wane ne, kyautatawa ce.

Na goma: abin da ya wuce iyaka

Rina wa kare gashi, da fesa masa turare, da shafa masa jan farce, da ɗinka masa tufafin ado, kashe dukiya ne a inda ba ta da amfani, alhali Allah Ya yi hani da almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27. Turare ma cutar da shi yake yi, domin hancinsa shi ne abin aikinsa.

Yanke kunne ko wutsiya don ado, ko don a ce zai ƙara faɗa, azabtarwa ce ba tare da dalili ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, sai ya la'anci wanda ya yi masa. Idan likita ya ga dole a yanke wata gaɓa saboda ciwo, wannan magani ne, kuma a yi shi da allurar kashe zafi.

Haka nan duka lokacin wanka, da ɗaure shi a rana, da barin sarƙa ta ci masa wuya. Ka riƙa gwada abin wuyansa: yatsunka biyu su iya shiga tsakaninsa da fata. Idan ka saba masa da taza da taɓa ƙafa tun yana ƙarami, kana yi masa magana a hankali, ba za ka buƙaci ƙarfi ba idan ya girma.

A ƙarshe, idan ka gama aikin ka kwashe gashin da ya zuba, ka kora ruwa a wurin, ka shanya kayan karen a rana, ka canja tufa, ka wanke hannuwanka har gwiwa kafin ka taɓa abinci ko ka tsaya salla.

Allah ne Mafi sani.